Kayan Gyaran Gem: Wanda Bai Iya Ba Shi Ya Fi Cin Moriyarsu

Duk lokacin da wani kamfanin wasannin bidiyo ya sanar cewa ya saki kayan da jama'a za su iya yi wa gem ɗinsa kwaskwarima da su, sai ka ji wasu na cewa, to mu ina ruwanmu? Mutum ya dawo daga aiki ko makaranta a gajiye, burinsa kawai ya kunna ya buga na awa ɗaya ya kwanta. Bai iya rubuta manhaja ba, ba shi da niyyar koya, kuma ko ka buɗe masa kayan aikin, yana ganin tagogi rututu da jerin lambobi zai rufe. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin masu zama su ƙera mod 'yan tsiraru ne a cikin masu buga gem. Sai dai a ganina an yi lissafin a baibai. Wanda ya fi kowa amfana da kayan nan shi ne wanda ba zai taɓa buɗe su ba. Manomi ba ya ƙira, amma ranar da aka rufe maƙera shi zai fara ji a jikinsa.

Mod dai shi ne duk wani gyara ko ƙari da masu wasa suka yi wa gem da hannunsu, tun daga canza kalar riga har zuwa gina sabon gari da mutanensa da labarinsa. Kayan yin sa ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda kamfani ke bayarwa da kansa, irin su Creation Kit na Skyrim ko World Editor na Warcraft III, waɗanda kusan su ne abin da ma'aikatan kamfanin suka gina gem ɗin da shi. Akwai waɗanda jama'a suka ƙera da kansu saboda kamfani bai ba da komai ba, irin su OpenIV na GTA ko Forge na Minecraft. Sannan akwai waɗanda aikinsu kawai su ɗauko mod su ɗora maka shi a inda ya dace, su jera shi yadda ba zai ci karo da wani ba, irin su Vortex da Mod Organizer da Steam Workshop na Steam, shagon intanet da ake sayen gem ɗin kwamfuta. Waɗannan na ƙarshe su ne mai wasa na yau da kullum ke taɓawa, amma ba su da abin da za su ɗauko masa in babu na farkon.

Abin ya kafu ne tun daga Doom, wanda kamfanin id Software ya fitar a ƙarshen 1993. Masu shi sun raba injin gem ɗin da kayan cikinsa da gangan: taswirori da hotuna da sautuka suka zuba su a wani fayil daban da ake kira WAD, yadda mutum zai iya sauya su ba tare da ya taɓa injin ba. Cikin 'yan watanni masu wasa suka ƙera manhajar zana taswira, aka shiga musayar sababbin matakai. A 1997 kamfanin ya saki asalin rubutun manhajar ga kowa. Yau sama da shekara 30 ke nan, kuma har gobe ana fitar wa Doom sababbin taswirori, yana kuma tashi a kan kusan kowace na'ura. Gem nawa ne sa'anninsa da suka mutu murus saboda an kulle su?

Labarin da aka fi bayarwa idan ana kare mod shi ne na manyan wasannin da aka haifa daga cikinsa, kuma labari ne mai ƙarfi. Counter-Strike ya fara ne a 1999 a matsayin mod na Half-Life, aikin Minh Le da Jess Cliffe, kafin Valve, kamfanin da ya yi Half-Life, ya saye shi. DotA taswira ce da aka gina da World Editor na Warcraft III a 2003, daga cikinta kuma aka samu salon da ya haifi League of Legends da Dota 2. Dean Hall ya ƙera DayZ a kan Arma 2 a 2012, Brendan Greene ya ɗora nasa gyaran a kan wannan, inda ake jefa mutane da yawa a fili guda a bar mutum ɗaya a raye, daga nan PUBG ya fito a 2017. Yaron da ke buga PUBG ko Free Fire a waya yau wataƙila bai taɓa jin sunan Arma ba, amma abin da ke hannunsa ya biyo ta ƙofar da masu Arma suka bari a buɗe. Manyan kamfanoni ba sa son caca da kuɗinsu a kan dabarar da ba a gwada ba. Mai mod ba shi da hukumar gudanarwa da zai gamsar, in dabararsa ta faɗi babu wanda ya yi asara sai lokacinsa, don haka shi ke gwada abin da su ke tsoro.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Irin waɗannan nasarori ba kullum suke faruwa ba, kuma in da su kaɗai ne hujja, sai a ce kayan mod makaranta ce ta masu neman aiki a kamfanonin gem. Amfanin da na fi gani ƙarami ne a ido, kullum ake cin moriyarsa, kuma ba a cika yi masa talla ba: gyaran abin da ka saya da kuɗinka ya zo maka a lalace.

Lokacin da aka kawo Dark Souls kan kwamfuta a 2012, hotonsa a ƙulle yake a kan 1024 da 720, komai girman allonka da ƙarfin na'urarka. Ranar da ya fito wani mai wasa da ake kira Durante ya saki ɗan gyara mai suna DSfix da ya warware matsalar, kuma shekaru da dama duk wanda ya sayi gem ɗin a kwamfuta, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya sa wannan gyaran. Vampire: The Masquerade – Bloodlines ya fito a 2004 cike da kurakurai, kamfanin da ya yi shi, Troika, ya rufe a farkon 2005. Babu sauran wanda za a kai wa kuka. Masu wasa ne suka ɗauki ɗawainiyar, suka yi ta fitar da facin gyara shekara da shekaru, har gem ɗin ya zama abin da ake iya bugawa daga farko zuwa ƙarshe. Skyrim ma, duk da sake sayar da shi da aka yi ta yi tun 2011, akwai ɗimbin kurakurai da facin jama'a ne ya toshe su: aikin da ya maƙale ya ƙi ƙarewa, mutumin da ya kamata ya yi maka magana ya tsaya ƙiƙam, ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Wanda ya shafe awa 60 a cikin labari sannan kuskure ya tare masa hanya ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin mod. Danna maɓalli ɗaya yake so ya ci gaba, kuma wani da bai san shi ba, a wata ƙasa, ya riga ya yi masa wahalar kyauta.

Sai kuma mai ƙaramar na'ura, wanda kamfanoni suka fi mantawa da shi. Ana gina gem ne da tunanin mai sabuwar kwamfuta, alhali ɗimbin masu wasa a duniya da tsohuwar laftof suke lallaɓawa. A Minecraft, mod irin su OptiFine da Sodium sun sake tsara yadda ake zana hoton, har na'urar da take ja da ƙyar ta dawo tana tafiya sumul. A wasu wasannin akwai gyaran da ke rage inuwa da ciyawa da nauyin hotuna fiye da abin da saitin kamfani ya yarda. Ga mai hali wannan ba komai ba ne. Ga wanda ba shi da kuɗin sabuwar na'ura, shi ne bambancin ya buga ko ya yi kallo a YouTube.

Haka batun harshe. Kamfani yana fassara gem ne zuwa harsunan da ya lissafa za su dawo masa da kuɗi, sauran kuwa ko oho, ko da miliyoyin mutane ke magana da su. Mother 3 ya fito a Japan a 2006, Nintendo bai fitar da shi da Turanci ba, masoyansa suka fassara shi da kansu suka saki a 2008. In masu Turanci, da duk kasuwarsu, sai da suka yi wa kansu, ina ga masu harsunan da ba sa cikin lissafin kowa? Hanya ɗaya da yaro zai taɓa ganin babban gem yana magana da harshen uwarsa ita ce a bar fayil ɗin rubutun a buɗe, wasu masu kishi su zauna su fassara. Idan kamfani ya dunƙule rubutun ya kulle, ya yanke wa harsuna da dama hukunci ba tare da ya ma san da su ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na masu buƙata ta musamman. Akwai mod da ake kira Stardew Access da ke sa manhajar karanta allo ta riƙa gaya wa makaho abin da ke gabansa a Stardew Valley, ya yi shuka, ya shiga gari, ya yi ciniki. An yi irinsa wa Hearthstone. Akwai gyare-gyaren da ke ƙara girman rubutu ga mai raunin gani, da masu canza launuka ga wanda ba ya bambance ja da kore, da masu cire girgizar kyamara ga wanda take sa wa jiri, har da masu cire gizo-gizo daga Skyrim saboda waɗanda tsoronsa ke hana su wasa gaba ɗaya. Kowace daga cikin waɗannan buƙatu ta mutane kaɗan ce, shi ya sa kamfani ke tsallake ta. Amma idan ka tara masu ƙananan buƙatun wuri guda, za ka tarar su ne jama'ar. Kusan kowa yana da wani abu guda da ke tsaya masa a rai a gem ɗin da yake so, kuma babu kamfanin da zai iya bin kowa da nasa.

Masu buga ƙwallo sun san wannan ko da ba su taɓa kiransa mod ba. Shekaru da dama PES ba shi da lasisin ƙungiyoyi da yawa, sai ka tarar da Man Red da Man Blue da London FC a maimakon sunayen da kowa ya sani. Abin da ya cece shi shi ne sashen gyara da Konami ya sa a ciki. Wasu suka zauna suka zana riguna da tambura, suka gyara sunaye, suka haɗa a fayil guda, kai kuma ka zuba a filashi ka ɗora. Da eFootball ya fito a 2021 babu wancan cikakken sashen gyaran, masu ƙorafin ba masu zanen riguna kaɗai ba ne, har da ɗimbin waɗanda suka saba cin gajiyar aikinsu.

To, akwai abin da masu adawa ke faɗa da bai kamata a share ba. Na farko shi ne haɗari. Mod manhaja ce da wani baƙo ya rubuta, kai kuma ka ɗora ta a na'urar da ke ɗauke da kalmomin sirrinka. A watan Yunin 2023 an kutsa asusun wasu masu mod na Minecraft a CurseForge da Bukkit, shafukan da ake sauke mod, aka cusa wata muguwar manhaja da aka sa wa suna fractureiser a cikin mod da mutane suka amince da su, tana satar bayanan shiga asusu. Wannan a sanannen dandali ke nan, ba a lungu ba. A waya kuwa abin ya fi muni, domin abin da yawancin mutane suka sani da sunan mod shi ne APK, wato fayil ɗin manhajar Android, da aka fasa, mai alƙawarin kuɗin gem mara iyaka, wanda ake saukewa daga shafukan da babu mai sa ido a kansu. Wannan fashi ne, kuma sau da yawa wanda ya sauke shi ne abin farautar. Na biyu shi ne maguɗi. Mutumin da ya sa abin gani ta bayan bango a wasan da ake fafatawa da wasu ta intanet ya ɓata wa mutum 99 wasansu, kuma ba ni da wata kalmar kariya gare shi.

Sai dai duk waɗannan hujjoji, idan ka bi su a hankali, suna nuna buƙatar kayan aiki na hukuma ne, ba hana su ba. Mutane ba za su daina son gyara abin da suka saya ba. In an ba su hanya mai tsabta, inda mod ke aiki cikin iyakar da aka shata masa, ana saukewa daga cikin gem ɗin, ana tantancewa, za su bi ta. In an toshe, za su bi ta bayan gida su faɗa hannun ɓarayi. Kuma raba wasan mutum shi kaɗai da wasan gasa ba abu ne mai wuya ba, kamfanoni da dama suna yi. Abin da na yi wa garina a Skyrim ko motata a Euro Truck Simulator 2 bai rage wa kowa komai ba.

Na uku, wanda nake ganin ya fi gaskiya, shi ne wahala. Har yanzu sa mod a wasanni da yawa aiki ne mai cin rai: wannan yana buƙatar wancan, wancan ba ya jituwa da na uku, a sa su a jere ba daidai ba gem ya ƙi tashi. Mai awa ɗaya a dare ba zai ƙarar da ita a karanta umarni ba. A nan ne nake auna ingancin kayan kamfani. Tambayar ba wai me gwani zai iya ginawa da su ba ce kawai, a'a, taku nawa ne tsakanin abin da gwanin ya gina da hannun wanda bai iya komai ba? Larian ya ba da misali mai kyau a Baldur's Gate 3: a Satumban 2024 ya saki kayan mod, ya kuma sa wurin zaɓa da saukewa a cikin gem ɗin kansa, daga baya ya kai shi ga masu PlayStation da Xbox. Bethesda, kamfanin da ya yi Skyrim, ya fara kai mod kan waɗannan na'urori tun 2016 da Fallout 4, kodayake a PlayStation 4 an hana shigo da sababbin hotuna da sautuka daga waje, abin da ya rage masa armashi sosai. A waya, inda mafi yawan masu wasa suke, ƙofar kusan a rufe take, in ban da 'yan kaɗan irin Bus Simulator Indonesia da ya yarda mutum ya shigo da motar da wani ya ƙera ko ya yi wa bas ɗinsa fenti. Muddin mod ya tsaya a kan kwamfuta mai tsada, masu cewa ba ruwansu suna da hujja, kuma laifin ba na masu mod ba ne.

Akwai kuma halin da kamfanoni ke nunawa da ke ba ni haushi. Suna son mod idan yana sayar musu da gem, suna juya masa baya idan lauyoyi suka yi magana. A Yunin 2017 Take-Two, uwar kamfanin Rockstar mai GTA, ya aika wa masu OpenIV takardar su dakata, bayan kusan shekara goma suna aikin. Masu wasa suka yi ca, suka cika shafin GTA V a Steam da munanan sharhi, ba a jima ba kamfanin ya sassauta, OpenIV ya dawo. Rockstar da ya kori masu FiveM, mod ɗin buga GTA V da wasu ta intanet, a 2015 shi ne ya ɗauke su cikin gidansa a 2023, bayan ya ga yadda wasan kwaikwayon rayuwa da suka buɗe wa hanya ya riƙe GTA V da rai. Blizzard kuwa, mai Warcraft III, da ya ga DotA ta kuɓuce masa, sai ya rubuta a dokokin Warcraft III: Reforged a 2020 cewa duk wasan da aka ƙera da kayansa mallakarsa ne. Wane ne zai ba da shekara biyu na rayuwarsa a kan wannan sharaɗi? Wanda ya yi asara a ƙarshe shi ne mai wasan da ba zai ga abin da ba a gina ba.

Batun kuɗi ma bai warware ba. A Afrilun 2015 Valve da Bethesda sun gwada sayar da mod na Skyrim a Steam, mai mod ya ɗauki kashi 25 cikin 100, su su raba sauran. Kwana huɗu aka yi aka janye saboda boren jama'a. Ni ban ga laifin a biya mutum ladan guminsa ba, masu mod ba bayi ba ne, kuma abin kunya ne kamfani ya fitar da gem da gyambo yana sane cewa wasu za su ɗaure masa kyauta. Amma akwai layin da ya kamata a tsare: facin kuskure, da fassara, da gyaran da ke bai wa makaho damar wasa, bai kamata su taɓa komawa bayan shingen kuɗi ba, balle kamfanin da ya bar gyambon ya karɓi kaso a kan maganinsa. Sabon labari ko sabuwar ƙasa da mutum ya gina, wannan ana iya ciniki a kansa, in rabon ya yi adalci.

Abin da nake nema a wajen kamfanoni ba shi da yawa, kuma an riga an nuna yana yiwuwa. Su saki kayan aikin, su rubuta bayanin yadda ake amfani da su, su faɗa a fili abin da aka yarda da wanda aka hana, sannan su daina rusa aikin mutane ba sanarwa. Wannan na ƙarshen ya fi shafar mai wasa na yau da kullum, domin shi ne zai wayi gari gem ya sabunta kansa, ajiyar wasansa ta wata da watanni ta ƙi buɗuwa. Masu Fallout: London, wani katafaren mod da ya gina birnin Landan a cikin Fallout 4, sun sa ranar fitarwa a Afrilun 2024, sai Bethesda ya sanar da sabuntawar da za ta faɗo kwana biyu bayan ranar, wadda ta karya kayan da aikinsu ya dogara a kai. Sai a Yuli suka iya fitarwa ta GOG, wani shagon gem na intanet, kuma waɗanda suka sayi Fallout 4 a Steam sai da suka mayar da gem ɗinsu tsohon zubi kafin ya yi aiki. A 2024 ɗin dai, Eric Barone, wanda ya ƙirƙiri Stardew Valley, ya fitar da sabuntawa ta 1.6 ta gem ɗin, kuma ya yi aikin ne tare da mutumin da ke kula da SMAPI, manhajar da mod ɗin gem ɗin ke hawa kanta, aka bai wa masu mod damar gwaji tun kafin ranar, yadda da yawansu suka shirya a kan lokaci. Kamfanin Paradox kuma yana barin tsofaffin zubin wasanninsa a Steam, wanda mod ɗinsa bai shirya ba ya koma na baya ya ƙarasa wasansa. In mai ƙaramin kamfani irin Barone ya iya, kamfani mai dubban ma'aikata ba shi da uzuri, kuma mai saye yana da damar duba wannan kafin ya biya, kamar yadda yake duba ko na'urarsa za ta iya ɗaukar gem ɗin.